Daren da aka ɗauke wuta kwamfutata ta ƙi tashi

Wajen sha ɗaya da rabi na dare ne, ina zaune gaban destof ɗina ina ƙarasa babi na huɗu na aikin digirina, gefe guda na saki kwafin wasu bidiyoyi daga waya zuwa cikin kwamfutar, ga kuma sabunta manhajoji da na danna masa tun ɗazu yana ta tafiya a bayan fage har na ma manta dashi. Kawai sai ɗif, wuta ta ɗauke. Ƙarar fankar nan da kunne ya saba da ita har baka jinta, sai da ta tsaya sannan na san tana yi. A lokacin ban wani damu ba gaskiya, don ba yau aka fara ba, kuma duk sanda hakan ta faru in wuta ta dawo na kunna sai ta ɗan jima kaɗan ta tashi lafiya lau. Abinda kawai ke raina shine sakin layi biyu ko uku da ban riga nayi sebin ba.

Bayan kamar minti arba'in wuta ta dawo, na danna madannin, tambarin Ubuntu, wato nau'in Linux ɗin da kwamfutata take aiki dashi, ya fito ya tsaya, ya tsaya, sai sikirin ya koma baƙi ƙirin da fararen rubutu. A ciki akwai layin da har yau in na rufe ido ina ganinsa, UNEXPECTED INCONSISTENCY. RUN fsck MANUALLY, a ƙasansa kuma ance fsck ya fita da lamba 4, sai kalmar initramfs da ɗan layi yana ta ƙyaftawa yana jirana. Na kashe na sake kunnawa, abu ɗaya. Na sake, abu ɗaya. Nan ne gabana ya faɗi, don a cikin faifan nan mai giga 500 akwai aikin shekara biyu, da hotunan ɗiyata tun ranar da aka haife ta, kuma wallahi babu kwafinsu ko'ina sai ɗan abinda ya rage a waya.

Na ɗauki waya na rubuta saƙon a intanet, amsa ta fito birjik kuma kusan kowa abu ɗaya yake cewa, rubuta fsck -y /dev/sda2 ka danna enta shikenan. Shi fsck umarni ne da yake duba tsarin ajiyar fayiloli a faifai ya gyara, -y kuma amsar eh ce ga duk tambayar da zai yi. Na rubuta. Yatsana na kan enta ɗin, bansan me ya tsayar dani ba, inaga dai tsoro ne, sai nace bari in kira yayana tukunna, shi aikinsa kenan kula da manyan kwamfutoci, duk da dare yayi.

Nace Yaya don Allah kayi haƙuri na tashe ka, ga abinda ya faru. Ya saurara har na gama, tambaya ɗaya yayi min, kana da kwafin abinda ke ciki a wani waje? Nace a'a. Yace toh cire hannunka daga kan kibod ɗin, ka kashe ta, kaje ka kwanta, gobe zan shigo. Nace Yaya ai kowa cewa yake fsck ne maganin. Yace eh shine maganin, kuma sau tara cikin goma in ka danna zata tashi kamar ba'ayi komai ba, amma kai baka san ko kana cikin na goman ba, kar garin neman gira a rasa ido. Faifan da yake a kashe babu abinda zai ƙara lalacewa a cikinsa, wanda ake ta kunnawa ana rubutu a kansa shine abin tsoro.

Ban iya bacci ba, sai na kwana ina karatu a waya, kuma abinda na fahimta a daren nan da wanda Yaya ya ƙara min washegari shi nake so in rubuta, don na lura yawancinmu muna amfani da kwamfuta shekara da shekaru bamu san me yake faruwa in wuta ta yanke ba. Abu na farko, in ka danna sebin ba lallai abin ya sauka kan faifai nan take ba. Faifai yana da nawa, RAM kuma tana da sauri, don haka Linux sai ta riƙe rubutun a RAM tace maka an gama, daga baya ta sauke shi a hankali, a tsarinta na asali abu zai iya kaiwa wajen daƙiƙa 30 yana jira. Shi kansa faifan ma yana da tasa ƴar ƙaramar ma'ajiya da yake tara abu kafin ya rubuta. Ita kuwa RAM da wuta take rayuwa, ana ɗaukewa duk abinda ke cikinta ya tafi.

Amma rasa abinda ke RAM ƙaramin abu ne, babbar matsalar tana wajen rajista. Ka ɗauki faifai kamar ƙaton sito mai miliyoyin ƙananan akwatuna, kowanne a ext4, wato tsarin da Linux take jera fayiloli a faifai dashi, yawanci kilobayit 4. Fayil ɗinka ɗaya a warwatse yake cikin akwatuna da yawa, kuma abinda ya san ina da ina yake shine wani kati da ake cewa ainod, kowane fayil da nasa katin mai lamba, a jiki an rubuta girmansa, mai shi, ranar da aka taɓa shi da kuma akwatunan da kayansa suke. Abin mamakin shine sunan fayil baya jikin katin nan. Suna yana cikin folda, ita folda ba komai bace illa jerin sunaye kowanne da lambar katinsa a gefe. Sannan akwai wani allo daban da ake yin alama wane akwati ne a cike wanne ne babu kowa. Kaga kenan ajiye fayil guda ɗaya tak yana buƙatar a taɓa wurare uku ko huɗu, a zuba kaya, a cike kati, a sa suna a folda, a gyara allo. In wuta ta yanke an yi biyu saura biyu, toh sai ka samu kati babu suna, ko suna yana nuna katin da babu komai, ko akwati da allo yace babu kowa alhali da kaya a ciki, gobe a zo a zuba wani abu a kai. Wannan rikicin shine abinda saƙon nan yake nufi.

Don maganin haka aka kawo janal, wato ɗan littafin da tsarin yake fara rubuta niyyarsa a ciki kafin ya taɓa ainihin rajistar, zan yi kaza da kaza, in ya gama rubuta niyyar ya sa mata hatimi sannan yaje ya aikata. In wuta ta yanke, da an kunna sai ya duba littafin, duk niyyar da take da hatimi ya ƙarasa ta, wadda babu hatimi ya watsar kamar ba'a fara ba. Tsohon ext2 bashi da wannan, shi yasa a da duk ɗaukewar wuta sai an bi faifan kaf ana dubawa. ext3 ne ya zo dashi a 2001, ext4 kuma da ya zauna daram a ƙarshen 2008 ya gaje shi, duk daƙiƙa 5 yake rufe shafi. NTFS ta Windows ma tana da nata. Wannan ne dalilin da yasa duk lokutan baya kwamfutata take tashi lafiya, ashe wani abu ne yake min aiki a ɓoye ban sani ba.

Sai dai ga inda mutane da yawa suke ruɗewa, nima ina ciki. Janal ɗin nan rajista yake karewa, ba kayanka ba. Zai tabbatar katuna da sunaye da allo sun yi daidai da juna, amma bai yi maka alƙawarin rubutun da kayi daƙiƙa goma da suka wuce yana nan ba. A 2009 ma sai da akayi ta cece-kuce kan haka, mutane suka riƙa samun fayilolinsu sun koma sifili bayan kwamfuta ta mutu ba zato, saboda ext4 tana jinkirta zaɓar akwatunan da zata zuba kaya, har sai da aka sa gyara a kanel 2.6.30, wato zuciyar Linux, ya rage abin sosai. Ya rage nace, ba wai ya kawar dashi gaba ɗaya ba.

Toh in akwai janal me yasa tawa ta ƙi tashi? Washegari da safe Yaya ya shigo da abu uku, filashi mai Linux a ciki wadda kwamfuta zata iya tashi daga kanta ba tare da an taɓa faifan ba, da wani faifan waje mai tera 2, da ƙaramin UPS nasa, wato batirin da yake riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke. Sai da ya fara jona UPS ɗin, yace ba zamu yi tiyata a inda fitila zata iya mutuwa a tsakiya ba. Muka tashi daga filashin, yace kar in kuskura in danna faifan a jerin foldoji don yana buɗewa zai fara rubutu a kai. Abu na farko da ya rubuta smartctl -a /dev/sda, wannan yana tambayar faifan ne da kansa lafiyarsa. Ya nuna min layuka uku da yace kullum su yake fara dubawa, mai lamba 5 da 197 da 198. Na 5 yana ƙirga gurabun da suka mutu aka canza su da wasu, na 197 kuma waɗanda faifan ya kasa karantawa yana jiran ya ga yadda zai yi dasu. Nawa na 5 ba sifili bane, na 197 kuma yana nuna 16. Yace kaga, faifan dama ya fara gajiya tun kafin jiya, ɗaukewar wutar ta same shi yana tsakiyar rubutu a wurare da yawa lokaci guda saboda sabuntawar nan da kwafin bidiyo, wani gurbin an rubuta rabi an bar rabi ya zama baya karantuwa, in kuma gurbin ya faɗo a cikin rajista toh janal bashi da yadda zai yi, don shi ya ɗauka duk abinda ya rubuta a baya yana nan lafiya.

Nan na gane hikimar hana ni dannawa. fsck yana bin faifai lungu-lungu yana karatu yana rubutu, faifan da yake ciwo kuma irin wannan wahalar ce take ƙarasa shi, kuma duk gyaran da yayi a kan asalin yake yi babu komawa baya.

Sai muka ɗauki hoton faifan gaba ɗaya. Ba kwafin foldoji ba, kwafin kowane gurbi daga farko har ƙarshe da mai kaya da marar kaya, ya zama fayil ɗaya ƙato a kan faifan wajen. Manhajar da ake yi da ita sunanta ddrescue, a Ubuntu in zaka sauke ta gddrescue zaka nema. Abinda ya burge ni da ita wayonta, bata tsayawa tana faɗa da gurbin da ya ƙi karantuwa, tsallakewa take ta kwashe duk mai sauƙi tukunna, don in faifan zai mutu a hanya ya zama an riga an tsira da mafi yawa, sai daga baya ta dawo kan masu taurin kai. Kuma tana ajiye wani ɗan fayil kamar taswira na inda ta kai da inda ta kasa, ko an katse ta in ka sake kunnawa daga nan zata ɗora. Yaya ya rubuta ddrescue -n /dev/sda hoto.img taswira.map, amma kafin ya danna sai da ya duba lsblk har sau biyu yana karanta girman kowane faifai da ƙarfi, yace a wannan layin na farko shine inda ake ɗebowa na biyu inda ake zubawa, wanda ya juya su ya shafe kayansa da hannunsa, kuma sunayen sda da sdb suna iya musanyawa daga kunnawa zuwa kunnawa. Ya ɗau awanni. Da ta gama zagayen farko muka sake sakinta da -r3 ta gwada wuraren da suka ƙi sau uku uku, wasu suka karantu, ƴan kilobayit kaɗan suka ƙi har ƙarshe. Daga nan muka cire tsohon faifan daga cikin kwamfutar gaba ɗaya, muka sake kwafar hoton ya zama biyu, ɗaya na ajiya ba mai taɓa shi, ɗaya na aiki.

Yaya ya tafi wajen aikinsa ya barni da sauran, yace yanzu duk ɓarnar da zaka yi a kan kwafi ce, yi abinka. Na rubuta e2fsck a kan fayil ɗin hoton kai tsaye, sai ya amsa min da Bad magic number in super-block. Zufa ta keto min, don a karatun daren jiya na ga cewa sufabulok shine shafin farko na rajistar, wanda ya san girman akwati da yawan katuna da inda komai ya fara, in babu shi tsarin bai ma san kansa ba. Na kira nace Yaya sufabulok ya tafi. Yace tsaya, a kan me ka sake shi? Na faɗa masa. Yace ai hoton faifai ne sukutum, a farkonsa teburin rabon fatishin ne, wato sassan da aka raba faifan, ba ext4 ba, dole ka fara buɗe shi da losetup -fP --show sannan ka nufi fatishin na biyu, wanda sunansa zai ƙare da p2. Nayi hakan sai gashi ya gane shi. Na kawo wannan ne don na tabbata mutane da yawa sun taɓa ganin saƙon nan sun yanke ƙauna, alhali kawai sda suka rubuta maimakon sda2.

Kuma ko da gaske ne ya lalace ba ƙarshen zance bane, ext4 tana ajiye kwafinsa a wurare da dama cikin faifan. In akwatunanka masu kilobayit 4 ne kwafin farko yana lamba 32768, sai kace e2fsck -b 32768 ya ɗauko daga can. Ana iya ganin sauran wuraren da mke2fs -n, amma wannan ni dai bana son ba kowa shawararsa kai tsaye, don mke2fs shine mai yin fomat, harafin n ɗin nan kaɗai ne yake hana shi aikatawa, in yatsa ya tsallake shi an shiga uku.

Na fara da e2fsck -fn, f ɗin tilasta shi ya duba komai, n kuma amsar a'a ce ga duk tambayar da zai yi, wato kallo kawai babu taɓawa. Ya zubo rubutu shafi shafi. Daga baya na gane wasu kurakuran ba na gaske bane, don a yanayin kallo baya ƙarasa abinda ke cikin janal, amma dai ya bani hoton girman abin. Sannan na sake shi da -f kaɗai. Zagaye biyar yake yi, na farko katuna da akwatunansu da girmansu, na biyu cikin foldoji, na uku ko kowace folda tana da hanyar da ta haɗa ta da tushe, na huɗu ƙirgen sunaye nawa ke nuna kowane kati, na biyar kuma allon nan na cike da babu kowa. A kowanne in ya ga matsala sai ya tsaya ya tambaye ka, in gyara? in share? in haɗa da lost+found?

A nan ne na fahimci halin fsck sosai, kuma shine abinda nake so duk mai karanta wannan ya riƙe. Shi burinsa rajista ta daidaita. Bai san wannan katin hoton ɗiyarka bane wancan kuma tarkacen burauza ne, duk lamba ce a wajensa. In ya ga katin da ya rikice ya kasa gane kansa, hanya mafi sauƙi ta daidaita lissafi itace ya share shi, kuma zai share ya gaya maka an gyara, kwamfuta ta tashi tas, kai kuma sai bayan wata uku ka nemi wani abu ka rasa. Ba laifinsa bane, aikin da aka gina shi yayi kenan kuma yana yinsa da kyau. Zan kuma faɗi gaskiya, bayan na amsa tambaya kusan talatin da hannu na ga babu wani hukunci da nake yankewa, lambobi ne kawai bansan na menene ba, sai na tsayar na sake shi da -y ɗin nan dai da aka hana ni jiya. Bambancin kawai yanzu akwai hoto na biyu a gefe, in ya share abinda nake so zan koma in nemo ta wata hanya. Na kuma tura duk abinda ya rubuta cikin wani fayil don in san lambobin da ya taɓa. Da ya gama na sake sakinsa karo na biyu, ya wuce zagaye biyar ɗin babu tambaya ko ɗaya.

Na buɗe hoton a yanayin karatu kawai, hannuna har rawa yake. Foldar hotuna tana nan, na shiga shekara shekara ina buɗewa, Alhamdulillah. Foldar aikin digiri kuwa babu ita sam, wajen wayam. Sai na tuna lost+found, foldar nan da take zaune a tushen kowane ext4 kullum babu komai a ciki har mutum yana tunanin meye amfaninta, sai da izinin root, wato babban mai iko da kwamfutar, ake shigarta. Na shiga na tarar da abubuwa 212, babu suna ko ɗaya, duk alamar # ce da lamba. Waɗannan sune katunan da aka samu da kayansu lafiya amma foldar da take riƙe da sunayensu ta lalace, tunda suna a folda yake ba a kati ba, sai aka kira kowanne da lambar katinsa. Umarnin file shi ya taimake ni, yana leƙa cikin abu ya gaya maka wannan hoto ne, wannan PDF, wannan rubutu. Yawancinsu tarkacen sabuntawar nan ne da bata ƙarasa ba. Amma guda huɗu foldoji ne, kuma folda in ta faɗo nan sunanta kawai take rasawa, abinda ke cikinta yana nan da sunayensa. Ta uku da na buɗe sai ga babi na ɗaya, na biyu, na uku, da duk takardun da na tara. Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Babi na huɗu yana nan da sunansa, girmansa sifili. Shine wanda yake buɗe lokacin da wutar ta tafi. Anan hoton ajiyar yayi ranarsa, na saki photorec a kansa, manhajar da Christophe Grenier ya rubuta tare da testdisk. Ita bata kula rajista kwata-kwata, akwatunan take bi ɗaya bayan ɗaya tana neman abinda yayi kama da farkon fayil, don haka tana tono har abubuwan da aka goge tuntuni in ba'a rubuta wani abu a kansu ba, sai dai babu suna babu folda, kuma in baka taƙaita mata irin fayil ɗin da kake nema ba zata cika maka faifai da dubban tarkace. Na taƙaita mata, ta fito da tsofaffin kwafin babin da dama, wasu basa buɗuwa, mafi sabo da ya buɗu na kwana biyu kafin abin ne. Shafi shida na rasa, na sake rubuta su cikin sati. Yaya yace inyi godiya faifan mai juyawa ne, da SSD ne, wato faifan da babu abin juyawa a cikinsa, akwai abinda ake kira TRIM da yake sa a wanke gurabun da aka goge, tsohon kwafi ba kasafai ake samunsa ba.

Masu Windows kar kuce wannan ba naku bane. Naku sunansa chkdsk, /f yana gyara rajista, /r yana ƙarawa da bin faifan kaf yana neman gurabun da suka mutu wanda a faifai mai ciwo wahala ce babba, kuma abinda ya tsinto yana zuba shi a ɓoyayyar folda found.000 da sunaye irin FILE0000.CHK. Halinsu ɗaya da fsck, lissafi yake daidaitawa. Wanda yafi bani tsoro shine saƙon nan da yake fitowa in ka soka filashi ko memori yace sai anyi fomat kafin ayi amfani dashi, mutum cikin ruɗewa ya danna eh. Kar ka danna, yawanci kayan suna nan rajistar ce ta rikice, kuma FAT32 da exFAT da ake sawa a irin waɗannan basu da janal, shi yasa fizge filashi ana cikin kwafi daidai yake da ɗauke masa wuta. In kuma tsarin XFS gareka maimakon ext4, xfs_repair ne naka, ka kiyayi -L don janal ɗin yake shafewa, Btrfs kuma su kansu masu ita sun gargaɗi mutane kan --repair. Duk cikinsu dai kar ka gyara fatishin da yake a buɗe ana aiki dashi, shi yasa ake tashi daga filashi.

Tsohon faifan ban mayar dashi ba. Na sa sabo, na ɗora tsarin daga farko tunda sabuntawar da ta katse ta bar manhajoji rabi da rabi, na kwaso kayana daga hoton. Na sayi UPS nawa, ba wai don inci gaba da aiki in an ɗauke wuta ba, mintunan da zai bani inyi sebin in kashe ta yadda ya kamata kawai nake so, kuma yanzu bana sakin sabuntawa in bar ta ba tare da ina kallo ba. Duk dare rsync yana kwafar foldar aikina da ta hotuna zuwa faifan waje, aikin digirin kuma yana da kwafi na uku a intanet, kuma duk ƙarshen wata ina buɗe kwafin in ga da gaske yana buɗuwa, wannan Yaya ne ya dage a kai.

Har yanzu akwai fayiloli 31 daga lost+found da ban gama gane su ba, na zuba su a folda ɗaya ina buɗe biyu ko uku in na samu lokaci. Shekaranjiya na buɗe wani da file yace sauti ne, na sa masa .m4a a ƙarshe na kunna, sai naji muryar ɗiyata tana ƙoƙarin ƙirga ɗaya zuwa goma tana tsallake bakwai, ni kuma ina gyara mata a baya. Na ma manta na taɓa ɗaukarsa. Na sa masa suna na mayar dashi cikin foldar shekarar da nake zaton nata ne, saura talatin.